Yadda Kokowar Kaka Ta Zama Gasar Takobi

A ƙauyukan Madarunfa, daga bakin tafki har Ɗan Isa da ke kan iyaka da Najeriya, ba sai an aika wa kowa goron gayyatar kokowa ba. Da an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, ganga ce ke kira. Samarin wannan gari su je wancan, a kafa fage a dandali, wanda ya yi kaye ya tafi da kirari da ƴan kuɗin da aka liƙa masa. Haka abin yake tun kaka da kakanni, babu alƙali mai usur, babu agogo.

A 1975 gwamnatin Nijar ta shigo ciki. Shekara guda ke nan da Seyni Kunce ya karɓi mulki, ƙasa kuma ba ta gama farfaɗowa daga fari ba. Sojojin da ke mulki suna neman abin da zai tara Bahaushe da Bazabarme da Babarbare wuri ɗaya, kuma ƙwallon ƙafa bai kai karkara yadda kokowa ta kai ba. Sai aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, aka sa takobi ya zama kyautar zakara. Ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaga shi, Yakuba Kantu, wanda filin kokowar birnin Maraɗi ke ɗauke da sunansa a yau.

Zamanin Kantu ne tsofaffi ke kira zamanin maza. Ga Salma Ɗan Rani na Doso, ga Kadade na Tawa. Mafi yawan masu ba da labarin karawarsu ba su taɓa ganinsu da ido ba, a rediyo suka ji, an kewaye akwati ɗaya a gindin bishiya. Watakila shi ya sa girman mutanen nan ke ƙaruwa duk lokacin da aka maimaita labarin.

Da jahohi bakwai aka fara gasar. Da aka raba Tilaberi da Yamai suka koma takwas, kowace na kawo ƴan kokowa goma, tamanin ke nan, gasar kuma tana zagayawa daga babban birnin wannan jaha zuwa na waccan. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da shi ne sarkin bara. Dokar nan, a ganina, ita ce gishirin gasar.

An zo da alƙalai da ƙayyade lokaci da talabijin, kyauta ta kai miliyoyin sefa, amma ba a iya raba fagen da layu da guraye ba. Makaɗa na nan, ƴan cali-cali na kwaikwayon manya suna ba mutane dariya kafin a kama.

Maraɗi ta sake ganin takobi a hannun Labo Maikafo da Umaru Bindigau, Damagaram ta yi alfahari da Balla Haruna. Sai dai Isaka Isaka na Doso ya sha gaban kowa: a Agadas, cikin Disamban 2023, ya ɗauka karo na shida. Matashin Madarunfa da ke son kama wannan tarihi sai ya fara tsallake zaɓen gunduma, sannan ya kutsa cikin goman da za su sa rigar Maraɗi.