Zumuntar Mata a ƙauyukan arewacin Kano: makarantar da ba ta cikin littafin tarihi

Duk lokacin da aka tayar da muhawara a Facebook kan ko akwai Bahaushe Kirista ɗan asalin Kano, sai in ga ana ta jero sunayen Turawan mishan da fastoci. Ban taɓa ganin wanda ya ambaci matan da suka riƙe abin a ƙauye ba. Ni a hannunsu na tashi, kuma sama da shekara 20 ke nan ina cikin Zumuntar Mata. Bari in faɗi abin da na sani.

Da farko tarihi a taƙaice. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, da Dakta Walter Miller a cikinsu, suka iso Kano. Sarki Alu Babba bai karɓe su ba, ya ce su bar masa gari. Da Turawan mulki suka ci ƙasar a 1903, su ma ba su sakar wa 'yan mishan mara a masarautu ba, don ba sa son ɓata da sarakuna. Ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai a shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta hanyar jinyar kutare, lokacin da mishan ɗin SIM ya karɓi aikin asibitin Yadakunya. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Daga nan tashoshi suka bazu, irin su Tofa inda aka yi makarantar Littafi Mai Tsarki, da Roni wadda yanzu take Jigawa. A 1954 aka kafa ECWA. Shi kuwa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 ya fito.

Waɗanda suka fi amsa kiran a karkara su ne Maguzawa, kakanninmu, masu zama a gidajen gandu a tsakiyar gonaki, nesa kaɗan da garin dagaci. To a nan ne labarin da ake bayarwa yake tsayawa, a nan kuma nawa yake farawa.

Mai bishara yakan zo ya yi shekara uku ko huɗu a canja shi. Maza da an gama girbi sun tafi cin rani. Wa ya rage a majami'ar zana daga kaka har zuwa faɗuwar ruwan fari? Mata. Kuma macen Bamaguje ba ta san kulle ba. Tana noma a gandun miji, tana da gayaunarta, tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Wannan 'yancin fita shi ya sa taron mata na mako-mako ya kama ƙasa da wuri a wajenmu.

Yadda na tarar da shi ina yarinya, kuma har yau bai canja sosai ba: ranar Talata da la'asar, bayan an sauko daga gona, a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. A fara da waƙa, ana buga tulu ana kaɗa caki. Uwar Zumunta ta yi addu'a, a karanta sura, kowa ta faɗi abin da ta fahimta, a ba da ayar haddacewa ta mako mai zuwa, magatakarda ta kira suna, ma'aji ta karɓi baiko. Baikon ma ba lallai kuɗi ba, wata kwanon gero za ta kawo, wata ƙwai biyu.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, wannan zama shi ne ajin yaƙi da jahilci na matanmu. Kakata ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, amma ta mutu tana karanta Littafinta na fassarar 1932, tana bi da yatsa. Matar mai bishara ce ta koya mata baƙi da wasali a ƙasa da tsinke. Da sabuwar fassara ta 1979 ta iso, ta ce ita dai a bar ta da tsohonta, Hausarsa ta fi zama a bakinta. Macen da ta ɗanɗani karatu kuwa ba ta yarda 'yarta ta rasa shi. Lokacin da aka fara UPE a 1976, iyaye da yawa a karkara suna ɓoye 'ya'ya mata, amma matan Zumunta su suka riƙa kama hannun nasu suna kai wa malam. Yayata tana cikin waɗanda aka kai a lokacin, ni na biyo baya. Digirin da nake taƙama da shi a ofis yau, daga kan tabarmar nan ya samo asali.

Kuma kada a ɗauka karatun aku suke yi. Na zauna a nazarin Littafi Mai Tsarki da Turanci a jami'a, amma ban taɓa jin an buɗe Littafin Rut kamar yadda wata tsohuwa ta buɗe mana shi ba. Ta ce, "'Yan nan, ku ba ku san kala ba. Ni na yi kalar gyaɗa a gonar mutane shekarar farin 1973, da goyo a bayana. Mai gonar da ya kau da kai ya bar ki ki tsinta, ya san Allah." Daga nan aka shiga maganar gwauraye da zawarawan unguwa, wa ya ba su aron gona bana, wa ya hana. Haka in an zo misalin mai shuka, ba a buƙatar dogon bayani wurin matar da ta ga yadda ƙuduji ke kashe dawa.

Akwai kuma farashin da suka biya, wanda ba a cika faɗa ba. Babbar sana'ar macen Bamaguje a da ita ce dafa giya. Ikkilisiya ta ce a bari. Barin giya yana nufin barin kuɗin cefane, da kuɗin kayan ɗakin 'ya. Zumunta ce ta toshe wannan giɓi: aka koya wa juna matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa, aka kafa adashe, aka riƙa yin gayya a gonar wadda ta haihu ko mijinta ya rasu. Har yau in mace ta kwanta asibiti, kafin dangi su gama shawara asusun Zumunta ya biya kuɗin mota.

Dangantakarsu da maƙwabta Musulmi ma abin a rubuta ne. Kusan kowane gida a wajenmu ya rabu biyu: wannan ɗan'uwa ya musulunta, wancan ya shiga ikkilisiya. Ni goggona hajiya ce. Ranar Sallah tuwo na shigo mana, ranar Kirsimeti shinkafa na fita. Bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an shiga zaman ɗar-ɗar, maza suka ja baya da juna, amma mata ba su fasa zuwa barka da biki da gaisuwar mutuwa ba. Ban ce babu matsala ba. Samun filin gina majami'a da wuya, malamin darasin addinin Kirista a makarantun ƙauye sai an tona, kuma 'ya'yanmu da yawa sun sha tambayar "kai ɗan ina ne na asali?" a garin da kakan kakansu ya sare dajinsa. Amma zaren da bai tsinke ba, mata ne suka riƙe shi.

Abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu shi ne, tsofaffin nan suna ƙarewa. A Zumuntar ƙauyenmu, waɗanda suka ga zuwan mai bishara na farko da idonsu saura biyu. Littattafan magatakarda na da, gara ta cinye wasu, wasu an naɗe ƙosai da su. Waƙoƙin da suka tsara da kansu babu mai rubutawa. Mu kuma da muka dawo birni, 'ya'yanmu suna karanta Turanci tiryan-tiryan amma a ba su Littafi Mai Tsarki na Hausa sai su riƙa in'ina. Matan da suka koyi Hausar boko a ƙasa da tsinke, jikokinsu ba sa iya karanta wasiƙarsu.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan'uwa Masihiyawa, musamman mu ma'aikata da ɗalibai. In kin je gida hutun nan, ki zauna da Iya ko Goggo, ki kunna rikoda ta wayarki. Ki tambaye ta wa ya koya mata karatu, wace shekara aka fara taro, wa ta fara zama Uwar Zumunta, me suka sha a hannun dangi. Ki ɗauki hoton duk wani tsohon littafin suna da ya rage. Shugabannin gunduma kuma su ware wuri guda da za a riƙa tara waɗannan abubuwa. Masu nazarin tarihi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, wannan ma tarihin ƙasar Kano ne, ku zo ku ji daga bakin masu shi tun suna da rai.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.