Karkatar Zuhal da Yuranus: Raddi Ga Mazhabar Karo

Tun daga shekarar 1966, lokacin da masanin Rasha Viktor Safronov ya bayyana ra'ayinsa cewa duniyoyin da ke kewaya rana sun sami karkatarsu ne daga manyan jikkunan da suka faɗo musu a ƙarshen ginuwarsu, wannan magana ta yi ta samun gindin zama a littattafan koyarwa, har ta zama kamar ijma'i, ta yadda duk ɗalibin da ya tambayi sababin jirkicewar wata duniya amsa ɗaya ake miƙa masa, wato wani abu ne ya buge ta. Ni kuwa ina ganin an ɗora wa wannan illa nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma abin da bincike ya fito da shi game da Zuhal ya isa ya sa a sake duba mas'alar tun daga tushe.

Asalin juyawar duniyoyi daga faifan ƙura da iska da ya kewaye rana sananne ne (Kant 1755; Laplace 1796), ba kuma shi ne wurin saɓani ba. Haka nan ba na jayayya da jamhuru game da watanmu, wanda hujjoji masu ƙarfi suka nuna ya ginu ne daga tarkacen wani babban karo (Hartmann da Davis 1975, Cameron da Ward 1976). Inda nake ja shi ne ƙiyasin da ake yi daga wannan misali guda zuwa sauran duniyoyi baki ɗaya. Mushtari ta karkata da daraja 3 kacal, Zuhal da kusan 27, Naftun da 28, Yuranus kuwa da 98, har tana tafiya a kwance bisa gefenta. Mai mazhabar karo yakan dubi waɗannan alƙaluma ya karanta su a matsayin tabban raunukan farko, alhali kuwa karatun nasa ya rataya ne ga wani sharaɗi da bai ambata ba, wato cewa karkata aba ce tabbatacciya, yadda aka bar ta tun shekaru biliyan huɗu da rabi haka take.

Wannan sharaɗi bai inganta ba, kuma malaman falaki na Musulunci sun riga sun hango rauninsa. Abu Mahmud al-Khujandi, da ya auna karkatar duniyarmu a birnin Rayy a shekarar 994, ya sami daraja 23 da daƙiƙa 32 da ɗoriya, ya kwatanta da daraja 23 da daƙiƙa 51 ta Baɗlamus, ya yanke hukuncin cewa karkatar raguwa take yi. A yau an san tana kai da komo tsakanin daraja 22.1 da 24.5 a cikin kimanin shekaru 41,000. Lissafin Laskar da Robutel na 1993 kuwa ya nuna cewa ta Mirrihi na iya yawo daga kusan sifili har zuwa daraja 60 ba tare da wani abu ya taɓa ta ba, saboda haka daraja 25 da muke gani gare ta yanzu ba ta ba da shaida a kan ranar haihuwarta.

Bari mu tsaya a kan Zuhal, domin a nan ne hujjar ta fi fitowa fili. Kowace duniya mai juyawa takan kumbura ta tsakiyarta, rana kuma tana jan wannan kumburi, sai sandar juyawar ta riƙa zana da'ira sannu a hankali, kamar yadda kan katantanwa ke yi idan yaro ya murza ta. Ita ma hanyar da Naftun ke bi wajen kewaya rana tana da nata lilon, wanda ke cika zagaye ɗaya a cikin kimanin shekaru miliyan 1.87. Ward da Hamilton sun lura a 2004 cewa lilon sandar Zuhal ya yi kusa ƙwarai da wannan adadi, kuma idan lilo biyu suka dace a lokaci sai su sarƙe, ɗaya ya riƙa tafiya da ɗaya. Abin da ya rage a lokacin shi ne gano abin da ya kai Zuhal cikin wannan sarƙa. Amsar ta zo a 2020, sa'ad da Lainey da abokan aikinsa, bisa ma'aunin kumbon Cassini da na tsofaffin hotunan ɗakunan hangen taurari, suka bayyana cewa Taitan, babban watan Zuhal, yana nisantarta da kimanin santimita 11 a shekara, kusan ninki uku na santimita 3.8 da watanmu ke yi. Wata mai nauyi idan ya yi nisa yakan ƙara wa lilon uwarsa sauri. Duniyar da ta riga ta sarƙe kuwa ba ta da hanyar riƙe dacewar lokacin sai ta ƙara karkata, domin karkata na rage saurin lilo. A kan haka Saillenfest da Lari da Boué suka nuna a 2021 cewa mai yiwuwa ne Zuhal ta kasance kusan a miƙe har zuwa kimanin shekaru biliyan ɗaya da suka wuce. Gaskiya ne Wisdom da jama'arsa sun ce a 2022 Zuhal ta ɗan fice daga sarƙar, suka danganta ficewar ga halakar wani wata da ya zama zobbanta. Amma wannan gyara ne a cikin gida, domin su ma sarƙar ce suka ɗauka sababin karkatar.

Mafi ƙarfin abin da za a kawo mini shi ne Yuranus, kuma mafi cancantar a saurare shi a wannan babi shi ne Alessandro Morbidelli, wanda shi da abokansa suka yi bahasin mas'alar a 2012. Sun fara ne daga wata mushkila da ta daɗe tana damun mazhabarsu: manyan watannin Yuranus biyar, wato Miranda da Ariyel da Umbriyel da Titaniya da Oberon, duk suna kewaya ta kusan daidai tsakiyarta, suna kuma bin fuskar da take juyawa, alhali bugu na farat ɗaya zai kwantar da uwar ne ya bar 'ya'yan a inda suke. Maganin da suka kawo shi ne cewa karon ya auku ne tun watannin suna faifan tarkace, faifan ya wargaje ya sake shimfiɗuwa bisa sabuwar tsakiya. Sai dai lissafinsu da kansa ya nuna cewa idan bugu ɗaya ne ya ɗauke ta daga miƙe zuwa daraja 98, watannin za su fito suna tafiya ta fuskar da ta saɓa wa juyawarta. Don haka suka buƙaci a ce ta riga ta ɗan karkata kafin babban bugun, wato karo biyu ke nan aƙalla.

Aiki ne na tahaƙiƙi, ban kuma raina shi ba. Amma a duba abin da ya faru ga hujjar: an zo da karo don a bayyana karkata, da watanni suka ƙi amincewa sai aka ƙaro wani karon, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya bar wata alama mai zaman kanta da za a auna. Sa'an nan ga wata tambaya da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Yinin Yuranus sa'a 17 ne, na Naftun 16. In da bugun jiki mai nauyin duniyarmu ko fiye shi ne ya tsara juyawar kowaccensu, ta fuskoki mabambanta da ƙarfi mabambanci, da wuya a ce sun tashi da yini kusan ɗaya. Karkata ta sannu a hankali ba ta da ɗayan waɗannan matsaloli, domin ba ta taɓa tsawon yini, kuma watanni na kusa sukan bi tsakiyar uwarsu duk inda ta juya.

To amma adalci ya wajabta in faɗi inda hujjata ta tsaya. Lilon sandar Yuranus a yau ya yi jinkiri ainun, ba zai sarƙe da kome ba sai da taimakon wani babban wata, watan kuwa babu shi. Wanda Boué da Laskar suka ƙaddara a 2010 ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin Yuranus, alhali Canup da Ward sun nuna a 2006 cewa jimillar watannin manyan duniyoyi takan tsaya wajen kashi ɗaya cikin 10,000. Saillenfest da abokansa sun rage wannan nauyi ƙwarai a 2022, amma su ma sai da suka ƙaddara cewa watan ya faɗa cikin Yuranus daga ƙarshe. Ashe ke nan masu karo suna kafa hujja da jikin da ba a gani ba, mu kuma da watan da ba a gani ba, kuma ba zan yi da'awar cewa ɓataccen namu ya fi nasu tabbata ba, ko da yake zuciyata ta fi karkata gare shi saboda shaidar tsawon yini.

Abin da dalili ya ba da dama a faɗa shi ne: karkatar Mirrihi ba ta riƙe tarihin farko ba, ta Zuhal ta fi dacewa da aikin Taitan da Naftun, ta Yuranus kuwa tana nan a matsayin zato tsakanin ra'ayi biyu. Kumbo ɗaya tak ya taɓa ziyartar Yuranus, wato Voyager 2 a watan Janairun 1986, kuma a 2022 wani kwamitin masana na Amurka ya sanya aika mata kumbo mai kewayawa a gaban sauran manyan ayyuka. Kafin a auna yadda nauyi ya rarrabu a cikinta da abin da watanninta suka ƙunsa, ina roƙon masu rubuta littattafan makaranta da su daina gabatar wa ɗalibai da karo a matsayin yaƙini.