Sabis, Data ko Waifai: Wanne Ne Ya Ɗauke?

A bakin Bahaushen yau, kalma ɗaya ce ke ɗaukar laifin duk abin da ya hana shafi buɗewa a kwamfuta: sabis. Ɗalibin da ya jona kwamfutarsa da wayarsa don cike fom ɗin makaranta, da zarar shafin ya ƙi fitowa sai ya ce sabis ya ɗauke. Mai shagon buga takardu ya dubi abokin cinikinsa ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, yau babu netwok." A Maraɗi da Damagaram rezo ake cewa, aro daga Faransanci. Wani lokaci gaskiyarsu ce. Wani lokaci kuwa sandunan sabis a cike suke a fuskar waya, saƙonnin WhatsApp na ta shigowa, kwamfutar ce kaɗai ta cije. A nan ne kalmar take gazawa, domin tsakanin kwamfutar da ke kan tebur da shafin da ake nema akwai gaɓoɓi da dama, kowace da sunanta. Wanda ke kiran su duka da suna guda ba zai gane wadda ta tsinke ba, sai ya sayi data a kan data, ko ya kai lafiyayyar waya wurin mai gyara.

Ita kanta waya sunanta ya girme ta. Tun zamanin Turawa muka ari kalmar, lokacin da saƙo ke bin zaren ƙarfe daga turke zuwa turke, kuma daga nan muka sami gidan waya da buga waya. Da aka zo da na'urar da ke aika magana ba zare, iyayenmu suka ce mata wayar iska. Da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, sai sunan ya koma kan abin da ke aljihu. Yanzu mutum kan ce "ba ni wayar da zan jona waya", kuma kowa ya gane nufinsa: ta farko igiya ce, ta biyu na'ura.

Hotsfot kuwa, a Turanci ma'anarsa wuri mai zafi, wato inda wani abu ya taru ya yi yawa. Da fari sunan wuri ne: otal, filin jirgi, shagon shan shayi, duk inda aka kafa na'urar da mutum zai kama intanet da kwamfutarsa ba tare da igiya ba. Daga baya wayoyi suka iya yin wannan aiki da kansu. Android ta zo da shi a fitowarta ta 2.2 a 2010, iPhone kuma a iOS 4.3 a 2011. Sai sunan wuri ya zama sunan maɓalli. Akwai masu ɗauka cewa zafin da waya ke yi idan an kunna shi ne ya jawo sunan. Zafin gaskiya ne, tunda wayar na magana da ƙarfen sabis ta gefe ɗaya, da kwamfuta ta ɗaya gefen, a lokaci guda, amma ba daga nan sunan ya fito ba. Wanda iPhone ɗinsa ke kan Faransanci a Yamai zai ga an rubuta partage de connexion, wato rabon haɗi, kuma a ganina wannan ya fi faɗin abin da ake yi. Mu ma da za mu ce raba intanet, da mun fi kusa da aikin. Raba data ba zai yi ba, domin wannan ya riga ya zama sunan tura wa wani layi data daga naka.

Kusa da hotsfot a saitin Android akwai wata kalma da ba ta shiga bakinmu ba, tethering. Asalinta daga makiyaya ne: igiyar da ake ɗaure dabba da ita a turke, ta yi kiwo iya inda igiyar ta kai. Talala ke nan. Kwamfutar da ke shan intanet ta waya tana ɗaurin talala ne, ba ta da abin da ya wuce abin da wayar ta samu, kuma ba ta nisa da ita. Amfanin sanin wannan kalma shi ne ta tuna mana igiyar ba ɗaya ba ce. Ana iya ɗaurin ta waifai, ana iya yi ta Bluetooth, ana iya yi ta igiyar USB. Idan waifai ya ƙi, a jona igiya a kunna rabon ta USB. In shafi ya buɗe, to layi lafiya, data lafiya, matsalar na tsakanin na'urorin biyu. Sai dai a lura, wasu igiyoyin caji masu araha wuta kaɗai suke kaiwa, babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsu, don haka kwamfuta ba za ta ma san an jona mata waya ba. Bluetooth, a ce da shi a taƙaice, sunan wani sarkin Danmak ne na ƙarni na 10, Harald mai laƙabin shuɗin haƙori, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Wani injiniyan Intel, Jim Kardach, shi ya kawo sunan a 1997. A cikin igiyoyin uku shi ne mafi rashin sauri.

Kalmar da ta fi kowace ruɗa mutane ita ce waifai. Ba gajarcen komai ba ne. A 1999 ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori ta ga sunan da injiniyoyi ke amfani da shi, IEEE 802.11b, ba zai sayar da kaya ba, sai ta ɗauki hayar kamfanin Interbrand ya ƙirƙiro suna mai daɗin faɗa. Haka Wi-Fi ya samu. Tunda sunan bai faɗi aikinsa ba, mutane suka cika shi da abin da suke so, suka mai da shi intanet. Waifai kuwa hanyar iska ce kawai tsakanin na'urori biyu da ke kusa da juna. Alamar nan mai kama da mahuci a kusurwar kwamfuta ƙarfin haɗinta da wayar take nunawa, ba ta san komai game da abin da ke bayan wayar ba. Za ta iya cika taf alhali babu ko sim a cikin wayar. Shi ya sa Windows ke raba maganar biyu, ta ce an haɗu amma babu intanet. Yadda take ganewa shi ne, bayan ta haɗu takan nemi wani ɗan ƙaramin fayil daga rumbun Microsoft. In ya iso, ta nuna akwai intanet, in bai iso ba, ta sa alamar ƙwallon duniya. Wannan saƙo ba ƙaramin taimako ba ne ga mai karanta shi da kyau, domin ya riga ya wanke gaɓar farko.

Idan kuma kwamfutar ba ta ma ga sunan wayar a jerin waifai ba, to maganar ta koma kan zango. Waifai na tafiya a kan 2.4 ko 5 gigahaz. Na 5 ya fi sauri, na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango. Yawancin kwamfutocin hannu da ke shigowa kasuwanninmu sun kwana biyu, kuma akwai waɗanda 2.4 kaɗai suke ji. Sabuwar waya ta kunna hotsfot a kan 5, tsohuwar kwamfuta ta yi ta nema ba ta gani. A Android ana sauya zangon a cikin saitin hotsfot, a iPhone 12 zuwa sama kuma ana kunna Maximize Compatibility, wanda ke mayar da shi 2.4. Wayar iPhone tana da wata ɗabi'a: sabuwar na'ura ba ta cika ganinta ba sai an bar shafin hotsfot a buɗe a fuskarta. Android kuwa takan kashe hotsfot da kanta in an jima ba wanda ya hau, kuma ba ta yarda a kunna shi idan maɓallin tsimin data na aiki.

Sunan da ke fitowa a jerin shi ne SSID, kuma bai wuce gurbi 32 ba. Kalmar sirri a tsarin WPA2 na 2004 ba ta gaza haruffa 8. Kwamfuta tana adana su tare, suna da kalmar sirrinsa. In mai waya ya sauya kalmar sirri ya bar sunan, kwamfutar za ta ci gaba da gwada tsohuwar, wayar na ƙi. Maganin shi ne a sa kwamfutar ta manta da wannan suna, a shigar da shi sabo. Wayar da aka sa wa WPA3, tsarin 2018, ita ma tana iya rufe wa tsohuwar kwamfuta ƙofa.

Bayan an haɗu sai adireshi. Kowace na'ura na buƙatar lambar IP, kuma wayar ce ke ba kwamfuta tata ta tsarin da ake kira DHCP. Wanda ya buɗe baƙin allon umarni a Windows ya rubuta ipconfig zai ga lambar. Idan ta fara da 172.20.10, iPhone ta ba da adireshi. Tsofaffin wayoyin Android 192.168.43 suke bayarwa. Amma in ta fara da 169.254, wannan ba daga waya ta fito ba. Kwamfutar ce ta roƙa, ba a amsa mata ba, ta laƙaba wa kanta lambar da ba ta kai ko'ina. A kashe hotsfot a kunna, ko a duba ko wani ya taɓa kafa wa kwamfutar adireshi na dindindin a ofishin da ta yi aiki a baya.

Daga nan akwai bambancin da harshenmu ya riga ya tanada amma muke sakaci da shi. Muna cewa intanet, muna cewa yanar gizo, kamar abu ɗaya. Yanar gizo ita ce shafukan da ake buɗewa da Chrome ko Firefox, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a cibiyar CERN a 1989. Intanet shi ne hanyar da ita da sauran manhajoji suke bi, kuma ya girme ta. Ana iya samun intanet a rasa yanar gizo. Na'urori lamba suka sani, mu kuma suna muke rubutawa, kuma DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke juya suna ya koma lamba. A wannan shekarar ce Mike Muuss ya rubuta ƙaramar manhajar ping, ya sa mata sunan ƙarar da na'urar jirgin ruwa ke aikawa cikin teku ta saurari dawowarta. A rubuta ping 8.8.8.8, lambar DNS ɗin Google. In amsa ta dawo, intanet na nan. Sai a rubuta ping google.com. In wannan ya ƙi alhali na farko ya yi, mai juya suna ne ya kwanta, kuma sauya DNS ɗin kwamfutar zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 kan warware shi. In duka biyun sun amsa amma shafuka na kukan rashin tsaro, a dubi agogon kwamfutar. Ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci yakan mutu a tsofaffin kwamfutoci, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka kuma su ƙi yarda da ita. Haka nan manhajar VPN da aka girka aka manta, irin waɗanda mutane da yawa suka sauke lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, tana iya toshe komai in ta kasa isa ga rumbunta.

Data fa? A asali bayanai take nufi. A wurinmu ta zama abin saye da awo, mega da giga, mai ƙarewa. Wannan ma'ana tamu ce, kuma ban ga laifinta ba, sai dai tana ɓoye cewa data iri-iri ce. Akwai wadda ake sayarwa don WhatsApp ko Facebook ko TikTok kaɗai, akwai ta dare. Mai irin wannan zai rantse yana da data, kuma bai yi ƙarya ba, amma kwamfutarsa ba za ta buɗe shafin JAMB da ita ba. Tun 2023 hukumar NCC ta daidaita lambobin kamfanoni, *323# na nuna ragowar data a kowane layi, kuma abin dubawa a saƙon shi ne irinta, ba yawanta kaɗai ba. Ko ta gama-gari ce, kwamfuta na iya shanye ta cikin ɗan lokaci, domin Windows ba ta cika ɗaukar waifai a matsayin mai awo ba sai an gaya mata, sai ta hau sauke sabuntawa. Akwai maɓallin metered connection a saitin kowane haɗi, wanda ya kamata duk mai hotsfot ya kunna. Ƙofar da data ke bi ta fita daga layin kamfani zuwa intanet kuma ita ce APN, irin web.gprs.mtnnigeria.net na MTN ko gloflat na Glo. Wayar da aka shigo da ita daga waje da tsohon saiti takan buƙaci a mayar da APN ɗinta na asali.

Sai an wuce duk waɗannan ake isa ga abin da ya cancanci sunan sabis, wato haɗin waya da ƙarfen kamfani. A nan ma sanduna ƙarfin sigina kawai suke nunawa. Harafin da ke gefensu ya fi su faɗin gaskiya: E tsohon zango ne na 2G da ba zai ɗauki aikin kwamfuta ba, H na 3G ne, sai 4G ko LTE, sai 5G da ya fara aiki a Najeriya a 2022. Da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, sandunan ne suka ɓace gaba ɗaya, kuma wanda ya ce babu sabis ya faɗi daidai. A ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da igiyoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sanduna na nan a fuskar wayoyi, kira na shiga, amma intanet ya yi rauni ko ya yanke a Najeriya da Gana da Kwaddebuwa da maƙwabtansu, kuma gyaran ya ɗauki makonni.