Tarihin Wankin Fim a Gida: Daga Tururin Zaiba Zuwa Ruwan Kofi

Abin da masu sana'ar hoto ke kira wankin fim aiki ne na sinadarai, wanda ke fito da hoton da kyamara ta riga ta kama amma ido bai kai ga ganinsa ba. Fuskar fim ɗin baƙi-da-fari tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa da aka baza a cikin jalatin, wato daskararren romon da ake tatsa daga ƙashi da fatar dabbobi, kuma kowace ƙwayar da haske ya taɓa takan samu ɗan tabo ɓoyayye. Ruwan farko, ruwan bayyanawa, shi ne ke mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa azurfa tsantsa mai launin baƙi, ya ƙyale sauran. Ruwa na biyu, ruwan kafewa, shi ne ke narkar da ragowar gishirin ya fitar da shi, domin kada fim ɗin ya ci gaba da baƙanta idan an fito da shi sarari. Mafi yawan sauye-sauyen da sana'ar ta gani sun faru ne a kan abin da ake zubawa a ruwan farko.

A 1839, lokacin da aka bayyana wa jama'a dabarar Louis Daguerre a birnin Faris, ana fito da hoto ne ta hanyar ɗora farantin tagulla mai rufin azurfa a kan zaiba da aka ɗumama, tururin ya hau ya manne a wuraren da haske ya sauka, kuma wannan tururi guba ne mai lalata jijiyoyin wanda ya daɗe yana shaƙarsa. A Ingila kuwa, William Henry Fox Talbot ya bi wata hanya daban a gidansa da ke Lacock, inda a watan Satumba na 1840 ya gano cewa takardar da ta ga haske na ɗan lokaci, wadda a ido babu komai a kanta, tana fito da hoto idan an shafa mata ruwan azurfa haɗe da asid ɗin galik. Wannan asid daga tsiro yake, domin ana samunsa ne a ƙululun da ke fitowa jikin itacen ok bayan wani ƙwaro ya yi ƙwai a ciki, kuma yana cikin sinadaran da ke ƙunshe a bagaruwar da majema ke jeme fata da ita a ƙasar Hausa. Ke nan wankin hoton da ake iya buga kwafinsa daga negetif, wato hoton da fari da baƙi suka yi musayar wuri a cikinsa, ya fara ne da ruwan tsiro, a cikin gida, a hannun mutumin da ke auna kayan haɗinsa da kansa.

Shekaru hamsin da suka biyo baya sun raba sana'ar da tsiro a hankali. Frederick Scott Archer ya fito da hoton gilashi mai danshi a 1851, wanda ake wankewa da farogalol, sinadarin da ake samu idan an gasa asid ɗin galik, ko kuma da gishirin ƙarfe, wasu kuma suna kafe hoton da sayanaid, gubar da ke kisa nan take. Bayan Richard Leach Maddox ya gabatar da busasshen faranti mai jalatin a 1871, masana'antun sinadarai suka karɓi ragama: William Abney ya gano amfanin haidurokwinon wajen bayyana hoto a 1880, sannan a 1891 aka samu metol da kuma Rodinal na kamfanin Agfa a Jamus. Babban juyin da ya taɓa talakan mai ɗaukar hoto shi ne na George Eastman, wanda a 1888 ya fara sayar da kyamarar Kodak a kan dala 25 da fim mai hoto 100 a cikinta, mai saye ya ƙare ɗauka ya mayar da ita birnin Rochester a wanke masa. Daga nan ɗaukar hoto ya zama na kowa, wankinsa kuma ya zama sirrin kamfani da na ƙwararrun ɗakin duhu, kuma ko waɗanda suka ci gaba da wanki a gida sun dogara ne ga ƙunshin da aka haɗa musu, irin D-76 da Kodak ta fitar a 1927.

Waɗannan sinadarai sun yi aiki mai kyau ƙwarai, kuma rashin adalci ne a raina su, domin da su aka wanke kusan duk hotunan baƙi-da-fari da ƙarni na ashirin ya bari. Sai dai metol yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata mai wuyar rabuwa, farogalol yana ratsa fata ya shiga jiki, haidurokwinon kuma, wanda shi ne ake sakawa a wasu mayukan bilicin, yana cutar da halittun ruwa idan an tuttular da shi a magudana.

Komawa ga tsiro ta fara ne a birnin da ya raba mutane da wankin gida. A 1995, a Cibiyar Fasaha ta Rochester, Dakta Scott Williams da ɗaliban ajinsa na sinadaran hoto suka gwada kayan masarufi iri-iri domin neman wanda zai iya bayyana hoto, suka tarar kofi ne ya fi dacewa idan an haɗa shi da sinadari mai kaifi irin na toka. Shekara guda bayan haka Kodak da kanta ta fitar da ruwan bayyanawa mai suna Xtol, wanda ya maye gurbin haidurokwinon da wani dangin bitamin C. Binciken ɗaliban bai ja hankali sosai ba sai da kyamarar dijital ta durƙusar da kasuwar fim: masana'antar fim ta Ilford ta faɗa hannun masu bin bashi a 2004 kafin manajojinta su ceto ta, AgfaPhoto ta karye a 2005, Kodak ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a watan Janairu na 2012. Da shagunan wanki suka yi ta rufewa, a Turai da Amurka kamar yadda ya faru a Kano da Kaduna, sai masu sha'awar fim suka koma haɗa ruwansu da kansu, haɗin kofin kuma ya yi suna da Caffenol.

Ɗaya daga cikin ma'aunan da suka fi yaɗuwa shi ne giram 54 na busasshiyar sodar wanki, giram 16 na garin bitamin C da giram 40 na kofi mai narkewa a cikin lita guda ta ruwa, a wanke fim na kimanin minti 15 a zafin digiri 20. Sodar wanki, wadda ke cikin abubuwan da kanwa ta ƙunsa, ita ce ke ba ruwan kaifin da sauran biyun ke bukata kafin su motsa. Sinadarin da ke hana barci a kofi ba shi da rawar da yake takawa a nan. Masu aikin su ne wasu asid na tsiro, 'yan uwan wanda Talbot ya yi amfani da shi, shi ya sa kofi mai arha yakan wadatar, kuma shi ya sa aka samu hoto da shayi da na'ana'a da ciyawar teku. Bitamin C yana rage tsawon lokacin wanki. Haɗin yana da wari marar daɗi, ba ya ajiyuwa, yakan bar wa fim ɗan launin ƙasa-ƙasa, kuma ba ya iya fito da launukan fim ɗin kala, wanda ke bukatar sinadarai na musamman da zafin kusan digiri 38.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne da'awar kare muhalli, domin ta fi abin da aka cim ma girma. Haɗin gida ba kullum yake zama marar lahani ba, tunda akwai masu haɗa kwaikwayon Rodinal daga ƙwayar farasitamol, aikin da sai da soda mai ƙuna wadda ke iya makantar da ido. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne kofi ya sauya ruwan farko ne kawai. Ruwan kafewa har yau dangin tayosalfet ne, sinadarin da John Herschel ya gano tun 1819 cewa yana narkar da gishirin azurfa, kuma bayan an yi aiki da shi yana fita ne ɗauke da narkakkiyar azurfa, wadda ke kashe ƙananan halittun ruwa. Maganin wannan sananne ne tun da daɗewa: a tara ruwan a jarka a kai wa masu tace azurfa, ko a jiƙa soson ƙarfe mai yin tsatsa a ciki har azurfar ta kwanta a ƙasa. Mai wanki da ya bayyana hotonsa da kofi sannan ya zubar da ruwan kafewa a kwata ya kauce wa ƙaramar ɓarna ne ya aikata babbar.