Sarƙar Keke Da Ta Tashi Sama

Injin yana son gudu, farfela ba ta so. Tun ranar da ɗan Adam ya fara ƙera jirgi a bayan gida, wannan saɓani ne ke cin kuɗinsa, wani sa'in har da ransa.

Lissafin ba wuya. Ɗauki farfela mai faɗin mita 1.8. In tana zagaye 2,700 a minti, bakinta na tsaga iska da gudun kusan mita 254 a daƙiƙa. Sauti kuwa mita 340 yake ci. Injin mota sai ya kai wajen zagaye 5,000 kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa. Ka ɗaura masa farfelar nan kai tsaye, bakinta ya zarce sauti, ƙara ta cika gari, turawa ta ragu. Dole a sa wani abu a tsakani da zai rage juyin: sarƙa, ko bel, ko giya.

Wilbur da Orville Wright masu sana'ar keke ne a Dayton ta Amurka, don haka abin da hannunsu ya saba suka ɗauko. Jirginsu na 1903 injin mai ƙarfin doki 12 gare shi, yana zagaye dubu da 'yan kai, sarƙoƙi biyu kuma suna kai juyin ga farfela biyu, an rage shi kusan sau uku. Sarƙa ɗaya suka gitta ta, don farfelun su juya saɓanin juna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar da suka sha a Kitty Hawk kafin 17 ga Disamba. Sandunan da ke juya farfela sun lalace har sau biyu, sai da Orville ya koma Dayton ya ƙero wasu na ƙarfe cikakke marar rami. Faifan haƙoran sarƙa ma ya yi ta kwancewa, har suka liƙe shi da gam ɗin tayar keke.

Me ke fasa ƙarfe haka? Injin ba ya juyi sumul, kowane fistin naushi yake kaiwa. Farfela kuma nauyi gare ta, ba ta son a fizge ta. Sai sandar da ke tsakaninsu ta riƙa murɗewa tana warwarewa, kuma in bugun injin ya zo daidai da nata kaɗawar, girgizar sai ta yi ta hauhawa har abu ya karye.

Wasu kauce wa rigimar suka yi. A 1929 Bernard Pietenpol ya ɗora injin Ford Model A a jirginsa kai tsaye, domin injin ne mai juyi a hankali. Masu injin Volkswagen daga baya suka gajarta farfela, suka haƙura da asarar turawa. Henri Mignet na Faransa kuwa sarƙa ya koma wa, da injin babur mai doki 17, a ɗan jirginsa Pou-du-Ciel na 1933. Haɗurran da suka sa aka dakatar da jirgin a 1936 laifin tsarin fukafukai ne, sarƙar ba ruwanta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne BD-5 na Jim Bede, da ya fara tashi a 1971. Injin a tsakiya, farfela a wutsiya, bel da doguwar sanda a tsakani. Mutane sama da 5,000 suka biya kuɗin kayan haɗawa. Girgizar murɗa ta yi ta cinye sassan tuƙin farfela, kamfanin Hirth mai ba da injin ya durƙushe, na Bede ya bi shi a 1979. Da yawa suka tashi da gangar jirgi a gareji, babu abin juya ta.

Sai a 1989 Rotax ta Ostiriya ta fito da injin 912, doki 80 a zagaye 5,800, da akwatin giya a jikinsa mai rage juyi sau 2.27, an kuma sa masa abin shanye fizga tun daga masana'anta. Samarinmu da ake nunawa a Facebook sun ɗaura farfelar katako a injin babur, bel ɗin injin niƙa ne galibi abin da ke hannunsu, kuma bel ba ya gaya maka yaushe zai tsinke.