Daga Pategi zuwa Doro: asalin majami'ar maƙwabtanka na kudu

Kai makiyayi da ke kora shanu kudu da Damazin idan rani ya yi, da kai ɗan kasuwa mai kai gishiri da sabulu Kurmuk, ka sha ganin majami'u masu rufin ciyawa a ƙauyukan Uduk da Maban. To, ka san tushensu ɗaya da ECWA ɗin nan ta Jos da Kano?

Ga yadda abin yake. A 1893 wasu Turawa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan. Kada sunan ya ruɗe ka: Sudan a wancan zamani na nufin Biladus Sudan, ƙasar baƙar fata tun daga Senegal har Nilu, har da ƙasar Hausa. Gowans da Kent suka mutu a 1894, Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 ƙungiyarsu, SIM, ta samu wurin zama a Pategi, ƙasar Nufe. Shekara guda bayan haka Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har suka kafa Maiwurno kusa da Sinnar.

Su 'yan mishan sai daga baya suka iso wannan yanki, kuma ta Habasha suka ɓullo. Da Italiya ta mamaye Habasha ta kore su, sai suka tsallako, suka buɗe tasha a Doro cikin Maban da Chali cikin Uduk a ƙarshen shekarun 1930. A 1940 jiragen Italiya suka jefa bom a Doro, suka kashe likitan mishan, Dakta Grieve, da matarsa.

A 1964 gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan na waje daga kudu. Ana zaton majami'ar za ta mutu ke nan. Ina! A hannun fastocinsu na gida ne Uduk suka riƙa karɓar baftisma da yawa, suna waƙa da karatu da harshensu. A ganina wannan ne asalin farkawarsu, domin lokacin Turawa masu tuba ba su da yawa. Ita ce ake kira Sudan Interior Church. Haka ma a Najeriya, tun 1954 majami'un SIM suka haɗu wuri ɗaya da sunan ECWA, da nasu masu bishara baƙar fata.

Sai dai kada ka haɗa su da majami'un Fentikos, masu addu'ar warkarwa da magana da harsuna, waɗanda suka bunƙasa a Najeriya tun shekarun 1970. Reshe ne daban, ko da yake salon waƙarsu da addu'ar dare ya shiga tsofaffin majami'u da dama.

Yaƙi bai bar su ba. A 1987 Uduk suka gudu Habasha, suka yi shekaru a sansanoni irin Bonga. A 2011 iyaka ta ratsa tsakani, Chali ta zauna a Sudan, Doro ta faɗa Sudan ta Kudu, ta zama sansanin 'yan gudun hijirar Nilul Azrak. Idan ka je neman izinin kiwo ko na rijiya a can, za ka iske dattijon majami'a na cikin waɗanda ake jin maganarsu, kamar liman a garinku. Ka fara gaishe shi, kuma kada ka sa ranar ciniki Lahadi da safe.