Tarihin Turaren Maza a Jos da Unguwar Tudun Wada

Turaren da maza suka fi so a Tudun Wadan Jos a yau, wato mai ƙamshin itace da ɗan zaƙi, wanda yake kama riga ya kwana a jikinta, yana zuwa ne cikin kwalaben da aka cika a Dubai ko Jidda, amma son irin wannan ƙamshi ya girmi kwalaben nesa ba kusa ba, ya ma girmi garin Jos kansa. Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da kayan ƙamshinta na gida, irin su jibda, wadda ake samu daga jikin dabbar da ake kira tunkun jibda, da kajiji, wato saiwar wata ciyawar fadama, da ƙaron itacen hano da ake zubawa a garwashi. Abin da ƙasar ba ta da shi kuwa ayarin raƙuma ne yake kawo shi ta Sahara, kuma Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa lubban da kanumfari da man wardi cikin kayan da ake shigowa da su birnin. Man wardi na sarakuna da attajirai ne, talaka kuwa hayaƙin kasko ya ishe shi.

Hanyar da wannan ɗabi'a ta bi ta hau tsaunukan Jos ita ce hanyar kuza. Hausawan Liruwe sun daɗe suna narka kuza suna sayarwa, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Turawa suka kafa sansani a Naraguta, a ƙasar da Anaguta da Afizere da Birom suke zaune, suka shiga ɗibar leburori daga Kano da Bauci da Zariya da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal kuma ya iso a 1927. Duk barikin da ake biyan lebura kuɗi a hannu, ɗan koli yana biye da shi, wato mai tallar ƙananan kaya irin su allura da madubi da kwalli da turare, kuma shi ne ya kai kwalbar turare hannun saurayin da a ƙauyensu bai taɓa riƙe sule nasa na kansa ba. Samarin ƙabilun Filato da suka shiga aikin kuza domin samun kuɗin haraji sun koyi Hausar bariki, tare da ita kuma suka koyi sayen sabulu da riga da turare ranar biya.

Turaren da ya mamaye wancan zamani shi ne Bint el Sudan, wanda Hausawa suke kira Binta Sudan. Kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya kai masa samfurin kayan ƙamshi daga Sudan, kuma an haɗa shi da mai, babu barasa a ciki, abin da ya buɗe masa ƙofar masallaci da gidajen malamai. Alhazan da suke tafiya Makka ta ƙasa, suna ratsa Cadi da Sudan, sun taimaka wajen yaɗa shi zuwa yamma, daga baya kuma aka riƙa cika shi a Kano. Ya dace a lura cewa wannan turare bai san bambancin mace da namiji ba, domin ana sa shi cikin lefe, ana yayyafa wa ango, ana kuma shafa wa likkafani. Raba turare zuwa na maza da na mata, kowanne da kalar kwalinsa, baƙon abu ne da ya shigo tare da kantunan Turawa da turaren fesawa.

Ƙamshin itacen da ake magana a kai yana da tushe biyu. Na farko shi ne ud, wanda ake samu daga wata bishiya ta Asam a ƙasar Indiya da Kambodiya da Biyetnam, wadda idan ta ji rauni cuta ta shige ta, sai ta fitar da baƙin ƙaro ya jiƙa zuciyar itacen, kuma wannan ɓangaren kaɗai ake ƙonawa ko a tatsi mansa. Da yake bishiya kaɗan ce take yin haka a daji, masu nema sun yi ta sara babu ƙaƙƙautawa, har a 1995 aka sa babban nau'inta cikin jerin tsirran da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Na biyu shi ne sandal, wanda mafi shahararsa daga yankin Maisur na kudancin Indiya yake, mai laushin ƙamshi da daɗewa a fata. Zaƙin kuwa yawanci daga banila yake, wadda masana haɗa sinadarai a Jamus suka gano yadda za a ƙera ƙamshinta tun 1874. Gaskiyar da mai saye ya kamata ya sani ita ce kwalbar da ake sayarwa da araha, ko da an rubuta ud a jikinta, kusan dukan abin da ke ciki haɗin masana'anta ne, kuma wannan ba aibi ba ne, domin shi ya sa ɗan acaɓa da malamin makaranta suka iya ɗaukar ƙamshin da a da sai fada.

Jirgin sama ne ya sauya kasuwar. Da aikin hajji ya koma na makonni maimakon shekaru, sai ƙananan kwalaben almiski da ud suka zama tsarabar da ake sa rai da ita kamar dabino da zamzam, sannan 'yan kasuwar Kano suka buɗe hanyar Dubai, inda kamfanoni irin su Ajmal, wanda asalin mai shi mutumin Asam ne, da Rasasi da Lattafa suke. Daga Kano kayan suke gangarowa Jos. Yanayin garin ma ya taimaka, domin yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma a sanyin hunturu turare mai sauƙi irin na lemo ba ya tashi sosai, alhali mai nauyi yana shiga rigar sanyi da hula ya zauna.

Rikicin Satumba 2001 da waɗanda suka biyo baya sun raba mazaunan Jos, Musulmi suka tattaru a wasu unguwanni, Kirista a wasu, kuma gobarar Fabrairu 2002 ta cinye babbar kasuwar Taminus, inda kowa da kowa yake haɗuwa. Masu turare, kamar sauran 'yan kasuwa, sun watsu zuwa bakin titunan da ke kewaye da kasuwar da cikin unguwanni, wasu da tebur, wasu da akwatin gilashi a hannu. A Tudun Wada, unguwar da ke kan duwatsu wadda ta tara ƙabilu da yawa kuma Hausa ce harshen cinikinta, sana'ar ta ɗauki sabon salo, inda matasa suke sayen man turare a manyan kwalabe su ɗura a ƙanana, su sa masa sunan wani sanannen turaren Faransa ko na Larabawa. Mai saye yana miƙa bayan hannu a ɗiga masa, ya jira kaɗan, sannan ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan ciniki, wato ko yana kama jiki. Wanda zai sa shadda ya tafi Juma'a da wanda zai sa kwat ya tafi coci ran Lahadi sukan zaɓi kwalba iri ɗaya, kuma sau da yawa dillalin da ya kawo ta daga Kano ɗaya ne, ko da yake masu sayen ba sa kwana a unguwa ɗaya.